Ficewar soja daga ƙasar da aka mamaye: shawarwari daga abin da ya faru a Afganistan

Masana tsaron da suka tattauna ficewar Amurka daga Afganistan sun rabu gida biyu. Wasu na ganin sojoji 2,500 da suka rage a farkon 2021 sun isa riƙe Kabul. Wasu suka ce zama na nufin sabon yaƙi da Taliban, tunda yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Taliban a Doha a 2020 ta sa ranar fita. Amma kan yadda ake fita, bakinsu ya zo ɗaya.

A fara kwashe fararen hula da tafintoci, soja ya zama na ƙarshe. Kada a saki babban sansanin jirage da wuri: an bar sansanin Bagram a farkon Yulin 2021, jama'a suka yi cincirindo a filin jirgin Kabul mai titin sauka ɗaya tak, inda harin 26 ga Agusta ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan ƙasa kusan 170.

Abin da suka fi nanatawa, kuma da gaskiyarsu, shi ne kanikawa. 'Yan kwangilar waje ke gyara jiragen sojin Afganistan. Da suka tafi, jirage suka fara tsayawa, sansanoni na nesa suka rasa harsashi da abinci, suka riƙa miƙa wuya. Sun kuma yi gargaɗi kada a ƙulla sulhu a bayan idon gwamnatin ƙasar, kamar yadda aka yi a Doha.