Dif-lok ɗin Massey 135 ya ƙi saki, wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai tambaya, daga Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taraktar mahaifinmu ce, Massey Ferguson 135, tana gonarmu ta wajen Ejura. Shekaranjiya yaron da ke tuƙa ta ya kafe a laka, ya taka fedal ɗin dif-lok (abin da ke kulle tayoyin baya biyu su juya tare) ta fito lafiya, amma tun daga nan abin bai saki ba. Fedal ɗin ya kwanta ƙasa. In ya kai bakin gona ya murɗa sitiyari, sai ta yi ta tafiya kai tsaye, tayoyin gaba suna jan ƙasa. Ruwa ya sauka, mun riga mun karɓi kuɗin noma a hannun mutane. Tsoho ya ce kada a kwance masa komai sai an tambayi waɗanda suka sani.

Direban tarakta, Ejura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, ka gaya wa yaron kada ya hau kwalta da ita a haka, balle ya ce zai gangaro tudun Mampong ya kawo ta Kumasi. Taraktar da ba ta juyawa ba ta da wurin zuwa sai gona. Ya sha faruwa da ni a lokacin huɗa. Sau da yawa ba abin da ya lalace, haƙoran dif-lok ɗin ne suka cije saboda taya ɗaya tana jan ɗaya. Ya raba birkin hagu da na dama, ya sa giya ta ɗaya, ya tafi a hankali, ya ɗan taɓa birkin hagu ya saki, ya taɓa na dama ya saki. In bai ji komai ba ya ja da baya kamar taku biyar ya sake. Ni yawanci a ribas nake jin ƙwas, fedal ya bugi diddigena.

Fita, Suame Magazin:
Ƙanena direba ya faɗi gaskiya, a fara da nasa. Amma abin da Alhaji ya ce, fedal ya kwanta bai dawo ba, ya sa nake zargin sandar fedal ɗin. Tarakta ce da aka daɗe da daina ƙera irinta, kuma mutanenmu sai su shekara ba su taka wannan fedal ba. Laka da ruwa suna taruwa daidai inda sandar ta shiga gidan aksul na dama, tsatsa ta kama. Ranar da aka taka da ƙarfin ƙafa zai shiga, amma sipirin ba shi da ƙarfin dawo da shi.

Ga yadda nake yi. A kashe inji, a cire makulli a sa a aljihu. A tare tayoyin gaba da itace, a sa giya a firi, a ɗaga tayar baya ɗaya da jak, a sa katako mai kauri ƙarƙashin aksul. Sai ka juya tayar da hannu. In ta zagaya, dif-lok ya saki. In ta ɗan motsa ta tsaya cak, yana ciki. To sai mutum ɗaya ya riƙa girgiza tayar gaba da baya, ɗaya yana ɗaga fedal da hannu. Kafin nan a kankare lakar da ta bushe, a goge da burushin waya har ƙarfe ya bayyana, a jiƙa wurin da WD-40 ko man dizal. A bar shi ya kwana yana sha, da safe a ƙara. Ana motsa shi sama da ƙasa kaɗan-kaɗan, za ka ga jan ruwan tsatsa yana fitowa. Wallahi na ga wanda ya ci kwana uku kafin ya yarda.

Abin da nake roƙo: kada wani ya tada inji ya sa giya alhali taya ɗaya tana sama. Da dif-lok a ciki, tayar da ke ƙasa ita ma ja za ta yi, tarakta ta sauka daga jak ta hau duk wanda ke gabanta.

Manomi, Sabon Zongo:
Masta, da na ji wannan magana bara da ban yi asara ba. Tawa Massey 165 ce. Na gaji da jira, na sa bututun ƙarfe a fedal na ɗaga da dukan ƙarfina, na bi shi da guduma. Fedal ya taso, na yi murna, ashe na karya abu a ciki, dif-lok yana nan a kulle. Dole aka juye man giya, aka cire taya da gidan aksul ɗin gaba ɗaya. Kayan da aka canza ba su kai tafin hannuna ba, amma mako biyu tarakta tana kan katako ina kallon masarar maƙwabta tana tsirowa.

Hajiya mai tarakta biyu, Asawase:
Ɗana, ka duba tayoyin baya. Tamu ta riƙa cijewa kullum bayan mun sa sabuwar taya ɗaya, ɗayar kuma ta cinye. Tsayinsu ya bambanta, sai haƙoran su matse su ƙi rabuwa. Da muka daidaita tayoyin da iskarsu abin ya tafi.

Fita, Suame Magazin:
Haka ne Hajiya, ko bambancin iska kaɗai yana jawo shi. Alhaji, tunda za ku je, ka zaro sandar awon man giya ka gani. In man ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga, kuma tsatsar ba a waje kaɗai take ba. A irin wannan ne nake cewa a buɗe, don a ga fok ɗin da ke tura haƙoran da kuma sipirin.

Mai tambaya, daga Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Na tafi Ejura da kaina ranar Asabar. Dabarar birki ba ta yi ba. Muka ɗaga tayar dama yadda Masta ya ce, ta ƙi zagayawa. Lakar da muka ɓamɓaro a gindin fedal ta cika gwangwanin madara. Muka jiƙa shi da dizal tun la'asar, bayan asuba muka ƙara. Tsoho ya zauna kan benci yana kallo, ya hana kowa taɓa guduma. Wajen ƙarfe goma yaron yana girgiza taya ina ɗaga fedal, sai ya fara motsi kamar faɗin yatsa, can kuma ƙwas, taya ta zagaya a hannunsa. Man giya da kyau, bai yi fari ba. Mun shafa giris a sandar, na ce masa kowace Juma'a ya taka fedal ɗin sau biyu ko uku a kan ƙasa mai laushi ya tabbatar ya dawo. Jiya ya huɗe eka huɗu.