Ina ake samun muryoyin 'yan NEPU da laccocin zamanin PRP?

Jikar Tela, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon dattawa da masu bincike. Ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma wannan zangon muna kan siyasar Arewa kafin samun 'yancin kai. Abin da littafin darasi ya ce a kan NEPU, jam'iyyar adawa ta 'yan sawaba, bai wuce layi kaɗan ba: an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas suka kafa ta, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Yaran sun haddace tsaf, amma na lura abin bai taɓa zuciyarsu ba. So nake su ji da kunnensu yadda ake yi wa talaka magana a filin lacca, yadda ake rera waƙar jam'iyya jama'a na amshi.

Kakana tela ne, ɗan NEPU na a-mutu, ya sha ɗauri a kan katin jam'iyya. Da ya rasu ya bar wata adaka, a ciki akwai kaset-kaset da aka rubuta wa "laccar Malam" da biro, na zamanin PRP, jam'iyyar da Malam Aminu ya jagoranta a Jamhuriya ta Biyu. Tsoron sa su a rediyo nake yi, don wasu sun yi fari-fari a ciki.

Na duba YouTube, abin da na samu gajeru ne, yawanci da Turanci, wasu ma an ɗora musu kiɗa har ba a jin maganar. To ina ake ajiye irin waɗannan muryoyi? Jaridun da suka goyi bayan 'yan sawaba fa, suna nan? Kuma yaya zan yi da kaset ɗin nan?

Tsohon Injiniyan Rediyo, Kaduna:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan kakanki. Kafin komai, kada ki sa kaset ɗin nan a kowace irin rediyo. Farin da kika gani fumfuna ce, kuma in tsohuwar na'ura ta cinye zaren, an yi asarar da ba ta da gyara. Ki fitar da su daga adakar, ki jera su a tsaye a wuri mai sanyi mara laima, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. Ki nemi mai gyaran rediyo na da, wanda ya san kaset, ya buɗe ya share a hankali, ya duba ɗan soson da ke danne zaren, don shi ne ke fara ɓallewa. Ranar da za a kunna, a haɗa da kwamfuta a ɗauka tun daga jin farko, a ajiye a tsarin WAV. Ki kuma ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowane kaset.

Batun muryoyin shekarun 1950 kuwa, kada ki sa rai da yawa. Rediyo a lokacin ta hukuma ce. NBC, hukumar rediyo ta ƙasa, ta fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna kuma gwamnatin Jihar Arewa ce ta buɗe ta a 1962, lokacin da jam'iyyar NPC, abokiyar hamayyar NEPU, ke mulki. Wa zai ɗauki na'urar faifai mai nauyi ya kai filin laccar 'yan adawa? Ga shi faifan da tsada. A gidan da na yi aiki, da idona na ga ana goge shirin jiya a ɗora na yau a kai, kuma abin da ake killacewa jawabin manya ne. Sai da kaset ya wadata a shekarun 1970 sannan talaka ya samu damar ɗaukar abin da yake so da kansa. Shi ya sa abin da ke cikin adakarki yana iya zama babu irinsa a ko'ina.

Ɗalibin Tarihi, Samaru:

Malama, Baba ya gama magana a kan sauti. Ni zan ɗora a kan takardu, don a nan ne muryar take, sai dai a bakin abokan hamayya aka adana ta.

In kin je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kada ki tsaya neman fayil mai suna NEPU kawai. An jera takardun ne lardi-lardi: KANPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, da sauransu. Ki bi rahotannin razdan da di'o, da na 'yan sandan ciki, da takardun neman izinin taro, da shari'o'in kotunan alƙalai da ɗaukaka ƙara. Wanda aka tura ya yi leƙen asirin lacca yakan rubuta abin da mai magana ya faɗa, wani lokaci kalma da kalma, don a samu hujjar kama shi. Haka nan in an gurfanar da mutum kan zagin sarki, sai an karanta "zagin" a gaban shari'a. Sau da yawa za ki tarar ba zagi ba ne, ƙorafi ne a kan haraji da jangali da aikin tilas. Ki karanta da lura dai, don mai rahoton yana da ubangidan da yake son farantawa, kuma fassararsa ta Turanci kan ƙara wa magana gishiri. Ki riƙa gwada sunaye da rubutun Turawa iri-iri, domin mutum ɗaya yakan fito da haruffa daban a fayil daban.

A Kano kuma ba sai kin yi nisa ba. Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu ne har rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu 1983, yanzu cibiya ce ta Jami'ar Bayero mai ɗakin karatu. Ki leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, sannan Gidan Arewa a Kaduna. Jarida kuwa, ki nemi Daily Comet, ta Azikiwe wadda aka mayar Kano a 1949, ita ce ta ba 'yan NEPU fili. Ki haɗa ta da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fito a mako ɗaya da ita, ɗalibanki su ga yadda aka ba da labari ɗaya ta fuska biyu. Na zamanin PRP akwai Triumph da gwamnan Kano na lokacin, Abubakar Rimi, ya kafa, da Albishir, da Alfijir ta ajami. Daga baya akwai Fitila, mujallar su Dakta Bala Usman.

Waƙoƙi su ne suka fi tsira, saboda rubutattu ne kuma an haddace su. Na Mudi Sipikin da Gambo Hawaja an yi nazarinsu a sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello, kuma kundayen digiri sukan rataya cikakken matani a ƙarshe.

Ɗan Damagaram:

Malama, kada ki manta da mu na ƙetaren iyaka. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka haramta ta a 1959, kuma 'ya'yanta da yawa Kano suka gudo, 'yan NEPU suka ba su masauki. Bayan yunƙurin tawayen Sawaba na 1964, mallakar takardar Sawaba kaɗai tana iya kai mutum kurkuku, don haka iyayenmu da hannunsu suka ƙona nasu. Abin da ya saura yana ma'ajiyar ƙasa a Yamai da ta Faransa a Aix-en-Provence, shi ma rahoton jami'an tsaro ne. Ni shawarata, ki sa yaran su ɗauki muryar kakanninsu mata da waya tun suna raye. Su ne suka kai abinci gidan kaso, kuma waƙoƙin suna bakinsu.

Jikar Tela, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na fitar da kaset ɗin na jera kamar yadda ka ce. A jikin ɗaya an rubuta 1979, wani kuma an zana makulli, alamar PRP, kawai babu shekara. Ɗan uwa na Damagaram, ƙanwar kakana tana nan da ranta da hankalinta, da ita zan fara ranar Asabar in Allah Ya yarda. Ɗalibin Samaru, in zan je ma'ajiyar Kaduna, takardar gabatarwa daga shugabar makarantarmu ta isa, ko sai ta jami'a?