Wace sana'ar gefe ce za ta riƙe mutum ranar da albashi ya tsaya?

Ma'aikaci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai aikin albashi ne yake son kafa 'yar sana'a a gefe, saboda ranar da aiki zai tsaya ko albashi ya makara. Ta ina zai fara, kuma nawa ya kamata ya zuba?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin maganar jari sai an yi ta kuɗin ko-ta-kwana. Lissafa abin da gida ke ci a wata: haya, abinci, makaranta, magani, sufuri. Ka tara na wata 3 zuwa 6 a asusun da za ka iya cirewa yau-yau. Wannan ba jari ba ne, kada ka taɓa shi. Sabuwar sana'a takan daɗe tana ci kafin ta fara bayarwa, ranar da aka sallami mutum kuwa kayan da ke jibge a ɗaki ba sa biyan haya.

Jari kuma shi ne abin da in ya salwanta gida ba zai girgiza ba. Kada ka ci bashi don ka fara.

Sai lissafin da yawancin mutane ke tsallakewa. A ce kana saro abu a 80 ka sayar a 100, ribarka 20. Idan sufuri da data da kuɗin wurin ajiye kaya suna cin 600 a wata, sai ka sayar da guda 30 kafin ka ga ko ƙwandala. Na 31 ne farkon riba. Daga nan ka raba ribar wata da awannin da ka ɓata. In abin da awa ɗaya ta kawo bai kai rabin na aikinka ba bayan wata 6, ka sake tunani.

Tsohuwar 'Yar Kasuwa:
Ɗana, abu biyu ke karya irin wannan sana'a. Na farko haɗa aljihu: a yi ciniki, a ɗiba a yi cefane, ana ganin riba ake ci alhali uwar kuɗi ce. Buɗe mata asusunta daban, ka rubuta shiga da fita kullum. Ribar ka kasa ta uku: kashi ɗaya ya koma jari, ɗaya ya tafi ko-ta-kwana, ɗaya a ware wa haraji da gyaran kayan aiki.

Na biyu bashi, musamman ga abokan aiki da ke cewa sai ƙarshen wata. In aikin hannu ne, karɓi rabi kafin alƙalami.

Ma'aikaci:
Na gode Hajiya. To ai abokan aikin su ne kwastomomin da suka fi kusa.

Mai Lissafi:
Nan ne tarkon. Idan duk masu sayenka albashi ɗaya kuke jira, ranar da naka ya tsaya nasu ma ya tsaya, ka ga ƙafa biyu sun karye lokaci guda. An ga haka a kullen korona na 2020: wanda aikinsa da sana'arsa duka suka dogara da taron jama'a, tare suka rufe. Nemi masu saye daga wani fanni, kuma kada mutum ɗaya ya zama fiye da kashi ɗaya cikin uku na cinikinka. Sana'ar da ƙwarewa ce jarinta, kamar koyarwa, gyara ko rubutu, ta fi sauƙin faɗaɗawa ranar da ka koma mata gaba ɗaya.

Duba takardar ɗaukar aikinka ma. Wasu wuraren sun hana yin irin sana'arsu a waje, ko amfani da lokacinsu da kwamfutarsu. Kada neman na gefe ya jawo a rasa babban.

Malam Mai Lura:
Ƙari kaɗan. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ka kwanta, riba tabbas ce duk wata, ka tambaye shi me ake sayarwa kuma wa ke saye. Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston a Amurka alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45 a shekarar 1920, da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko. Har yau salon bai canja ba, sai dai ya koma waya.