Tikitin wuraren wasa a Dubai: ina sauƙi yake?

Maman Nana (Ali Ɗan Sofo): Salamu alaikum ƴan zaure. Bakansin bana maigidana Alhaji ya ce za mu bi shi Dubai saro kaya, da ni da yara uku. Babban ya matsa sai Ferrari World. Mun lissafa kuɗin shiga na mutum biyar, abin ya yi nauyi ƙwarai. Wanda ya san hanyar sauƙi ya taimaka mana don Allah.

Alhaji na Babbar Kasuwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ferrari World ba cikin Dubai take ba, tana tsibirin Yas a Abu Dabi, tafiyar sama da awa ɗaya daga Deira inda muke sauka. Ƙasa ɗaya ce, biza ɗaya ta isa. Wuraren wasa huɗu ne can: Ferrari World, Yas Waterworld, Warner Bros. World, da SeaWorld da aka buɗe a 2023. Kada ku sayi na kowane wuri daban. Akwai tikitin haɗaka na wuri biyu, uku ko huɗu, kuɗin kowace rana yana raguwa in wuraren sun ƙaru, kuma ba dole a yi su rana guda ba.

Ƴar Zariya: Gaskiyar Alhaji. Amma Yaya, shekarun yaran nawa? Don a bakin kowane lilo tsawon yaro ake aunawa. Lilon Formula Rossa na Ferrari World da ɗanki yake so tana gudun kilomita 240 a awa, ba a barin ƙanana. In kin biya wa ƙaramin cikakken kuɗi, kallo kawai zai yi yana kuka.

Maman Nana: 13, 8 da 4 ne, ƙanwata.

Ƴar Zariya: To ku raba. Alhaji da babban su je Ferrari, ranar haɗaka ku yi Warner Bros. ko SeaWorld gaba ɗaya. Legoland ma ta ƴan shekara 2 zuwa 12 ce, amma tana Jebel Ali a Dubai, tikitinta daban, kuma yawancinta a fili take. Yuli da Agusta zafin can ya fi ƙarfin yaro, ga gumi. Waɗancan ukun a rufe suke da sanyi.

Baban Ummi: Ni abin da nake roƙon ku, kada ku biya sai biza ta fito. Yawanci ba a maido kuɗin tikiti. Ku saya a shafin wurin ta intanet, ya fi na bakin ƙofa sauƙi, kuma ku karanta kwana nawa aka ba ku ku gama da shi bayan shigar farko. In injin kati ya tambaye ku da wane kuɗi za a cira, ku zaɓi dirhami, canjin da suke yi da kansu yana da tsada.

Alhaji na Babbar Kasuwa: Na wuri huɗu kam ban ba da shawara ba. Mai saro kaya ba shi da kwana huɗu na wasa, ga kago na jira. Ragin da aka yi maka a kan ranar da ba ka je ba asara ce. Biyu sun isa. Kuma ku guji Asabar da Lahadi, tun 2022 su ne hutun mako can, layi yana cinye yini.

Ƴar Zariya: Ki tambayi otel-otel na Yas ma, wasu suna haɗa kwanan ɗaki da shiga. Kwana ɗaya can zai iya sa ku yi taksi zuwa da dawowa sau ɗaya maimakon sau biyu. Abinci a ciki da tsada, ku ci ku ƙoshi kafin ku shiga. Wurin salla akwai.

Maman Nana: Allah ya saka da alheri. Bari in auna tsawon na tsakiyar yau, in Alhaji ya dawo daga kasuwa mu duba na wuri biyun.