Me za mu kira farin abin nan da ke maƙalewa a gilashin kifi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya ƙanwata ta zo gidana, ta tsaya gaban akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado, ta nuna farin layin da ya zagaye shi daidai inda ruwa ya tsaya, ta ce, "Yaya, wannan fa mene ne?" Na buɗe baki, sai kalmar Turanci ta zo mini, limescale. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuwa ba baƙonmu ba ne. Yana cikin butar shayi, yana bakin famfo, yana jikin bokitin wanka. Da na tambaya a nan, kun kawo sunaye da dama, ga kuma inda na tsaya.

Mu fara da sanin abin. Ruwan rijiya da na burtsatse kan ratsa duwatsu ya kwaso sinadaran kalsiyam da magnisiyam. Idan ruwa ya bi iska, su ba sa tafiya, sai su daskare a jikin gilashi. Asalinsu ɗaya da ɓawon ƙwai, da kuma dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ana yin siminti. Da hunturu abin ya fi tsananta, saboda iskar na shanye ruwa da sauri.

Mutum uku sun ce a kira shi kanwa. Na fahimci dalili, tunda launin ya yi kama. Amma kanwa tana narkewa a ruwa, wannan kuwa ko kwana ya yi a ruwa ba zai motsa ba. Wanda ya ji "kanwa" zai ɗauko tsumma da ruwa ya yi ta guga a banza. Gishiri ma haka. Tsatsa ta ƙarfe ce, kuma ja ce. Gansakuka abu ne mai rai, kore, yana tsirowa cikin ruwa, namu kuwa saman layin ruwa yake zama.

Malamin da ya kawo "allin ruwa" ya kusa, kuma har yanzu ina jin daɗin sunan a baki. Sai dai alli gari yake, da yatsa ake share shi, shi kuwa wannan kama gilashi yake yi kam.

Wata Hajiya ce ta warware mini, da ta ce ita a kicin ɗinta ƙanzon buta take ce masa. Nan na tsaya. Ƙanzo shi ne abin da ya rage a gindin tukunya bayan ruwa ya ƙafe, ya bushe, ya kama. Kuma duk wadda ta taɓa wanke tukunyar tuwo ta san ba a far wa ƙanzo da ƙarfi, jiƙa shi ake yi ya yi laushi sannan a kankare. Sunan ya zo da maganinsa ke nan. Don haka ni na zaɓi ƙanzon ruwa: a buta ƙanzon buta, a gilashi ƙanzon gilashi. Wani ya ce ai ƙanzo sai da wuta, kuma ana cin sa. Gaskiya ne, amma a buta wutar ce ke kawo shi, a gilashin kifi kuwa iska ce ke yin aikin wutar.

Abin jiƙon dai ba ruwa zalla ba ne, sai mai tsami. Ruwan khal fari, rabi da rabi da ruwa, ko ruwan lemon tsami. Ka rage ruwan akwatin ya sauka ƙasa da layin, ka jiƙa tsumma ka matse, ka manna a wurin kamar minti 15, kana lura kada ya riƙa ɗiga inda kifi suke. Murfi da bututu kuwa cire su za ka yi ka jiƙa a roba, ka ɗauraye sosai. In ya yi taurin kai, sabuwar reza a kwance tana ɗaga shi daga gilashi, amma ka nisanci gam ɗin kusurwa. In akwatin na roba ne mai kama da gilashi, reza za ta karce shi, sai dai tsohon katin banki. Sabulu da omo kada su kusanci wurin, ina roƙonku, kifi suke kashewa. Na taɓa rasa guda huɗu a dare ɗaya saboda soson da aka wanke kwano da shi.

Hanawa ta fi sauƙi. A sa murfi. A goge bakin gilashi duk mako tun yana ƙura-ƙura. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne cike gurbin ruwan da ya ƙafe da na burtsatse, alhali sinadarin na nan bai fita ba, ƙara masa kawai nake yi. Ciko a yi shi da tataccen ruwa, ko ruwan sama mai tsabta, ban da na farkon damina mai wanke kwanon rufi. Duk mako biyu kuma a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu a zuba sabo. Kada a sauya ruwan gaba ɗaya zuwa mara sinadari rana guda, domin kifayen da asalinsu Tafkin Malawi ne ko Tanganyika ruwa mai sinadarin nan suke so, na kogin Amazon ne suka fi son mara sinadari.

Saura sunan shi kansa ruwan da ke barin ƙanzon. "Ruwa mai tauri" da nake gani a wasu rubuce-rubuce fassara ce kawai, Bahaushe in ya ji zai zaci ƙanƙara ake nufi. Zartsi kuma ɗanɗano ne, ruwa na iya barin ƙanzo ba tare da harshe ya ji komai ba. Iyayenmu mata sun riga sun raɗa masa suna a wurin wanki: ruwa mai cin sabulu. Shi zan riƙa rubutawa. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mana yadda kuke kiran sa a can.