Abin da aka tsayar kan madigad mai rungumar tayar baya

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawararmu kan madigad ɗin da ake ƙara wa babur, mai rufe tayar baya kusa-kusa: amfaninsa, irin da za a saya da yadda ake ɗaura shi.

1. Kowa ya yarda yana da amfani da damina, musamman ga masu bin hanyoyin fadama wajen Argungu da Jega. Yana tare lakar da taya ke watso wa shokozoba da sarƙa da rigar wanda aka goya.

2. A sayi wanda ya dace da babur ɗin. Na Bajaj Boxer ba lallai ya hau Haojue ko TVS ba, don ramukan noti sun bambanta.

3. Roba ko ƙarfe? Nan aka rabu. Masu roba sun ce ba nauyi, ba tsatsa. Masu ƙarfe sun ce ranar Kebbi na busar da roba mai araha har ta tsage. Ni dai ina bayan roba mai kauri.

4. Tazara ce aka fi daɗewa a kanta. A bar kamar yatsa biyu tsakaninsa da taya, in ba haka ba laka mai danƙo ta cushe, ta riƙe tayar. Tunda a ƙarfen da ke riƙe da taya ake ɗaure shi, tare suke motsi, amma buhun shinkafa na sauko da mazauni, sai mazaunin ya bugi madigad ɗin. A gwada da kaya. In an ja sarƙa ma a sake dubawa, don taya na matsawa baya.

5. A sa washa (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti), a sake ɗaure notuna bayan tafiyar farko.

Wasu kaɗan sun ce madigad ɗin kamfani ya ishi mai yawo cikin Birnin Kebbi kawai.