Dan Allah da me ake fara kammalawa a insha'i?

Ummi 'yar Kura:
Assalamu alaikum malamai da yayyena. NECO ta matso, malaminmu na Hausa ya ba mu insha'i a kan amfanin noman rani, gabatarwa da gundarin bayani ba su ba ni wahala ba tunda abin a gabanmu ake yi, na kawo ruwan dam ɗin Tiga da yadda ake noma tumatir da shinkafa da alkama, amma da na zo kammalawa sai kaina ya kulle, na rubuta "A ƙarshe ina kira ga gwamnati da ta taimaka wa manoma" na ajiye biro. Da aka dawo mana da littattafai ya zagaye jimlar da jan biro, wai wannan roƙo ne ba kammalawa ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki ya yi gaskiya. Wannan kiran na gwamnati ko a kan shaye-shaye kike rubutu ko zaizayar ƙasa zai zauna daram, manoman kawai za ki cire, kin ga ke nan bai san da zaman tumatirinki ba. Jimlar farko ta kammalawa ita ce za ta faɗi matsayar da bayananki suka kai ki. Misali: "Daga abin da ya gabata, a fili yake noman rani ya raba manomin Kura da zaman jiran damina, ya ba shi girbi fiye da ɗaya a shekara." Bayan nan in kina son kira ki yi, amma ki kama suna, yashe hanyoyin ruwa ne ko wurin adana tumatir don kar ya ruɓe a kwando.

Ɗan Sakkwato:
Ni dai ƙanwata ki bar "a ƙarshe" da "a taƙaice" ɗin nan gaba ɗaya, kowa su yake rubutawa, mai duba takarda ya gaji da ganinsu.

Tsohon Malami:
A'a ɗana, kalmomin ba su da laifi, alama ce ga mai karatu cewa an zo gangara. Abin da ke biye da su ake dubawa.

Maman Hanif:
Ni nawa kuskuren daban ne, lokacin da nake rubuta kundin digirina na kwafo sakin layin gabatarwa sukutum na liƙa a naɗewa, wato kammalawa, mai duba min aikin ya ce in koma in karanta babi na huɗu in faɗa masa da baki me na gano, abin da na faɗa a tsaye a ofis ɗinsa shi ya zama jimlar farko. Ki gwada da ƙawarki ko Ummanki. Kuma kar ki sako sabon batu a nan, in kin tuna maganar takin gona ki mayar da ita tsakiya.

Ummi 'yar Kura:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Ga wadda na sake: "A taƙaice, noman rani ya sa samarin garinmu da yawa sun daina tafiya ci-rani, domin aikin ya same su a gida." Baba Malam ta yi?

Tsohon Malami:
Ta yi 'yata, in dai kin yi maganar ci-ranin a tsakiya. In ba ki yi ba koma ki ƙara sakin layi ɗaya a kansa kafin ki miƙa.